Zuma ta tare a garun ɗakin Inna, ya za mu fitar da ita ba a rushe ba?

Ɗan_Gwaram:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar zuma ku taimaka min. Tun bayan kaka zuma ta zo ta shige wani tsage a garun ɗakin mahaifiyarmu, can sama gindin azara, soro ne na ƙasa tun ginin marigayi Baffa. Da farko ƙyale ta muka yi don Inna cewa ta yi baƙuwar arziki ce ba a korar ta, to yanzu abin ya wuce wasa, jiya ta harbi 'yar yayana a fatar ido har idon ya rufe, akuyar da ke turke kuwa da gudu aka kwance ta. Da daddare in ka kara kunne a bangon kamar an tada injin niƙa. Wani ya ce in tsiyaya piya-piya a ramin in toshe, wani ya ce wuta. Ni ban son kashe ta kuma ban son a fasa garu ga damina na tafe.

Mai_Shayi_Rano:
Wa alaikumus salam. Wuta a gindin azara da ranin nan? Kai ɗan'uwa rufa wa kanka asiri. Piya-piya ma kar ka soma, za ta mutu a ciki ta yi wari, zuman ya narke da zafin bazara ya riƙa tsattsafowa ta bango yara su lasa da guba a ciki. Kuma ai akwai hadisin da ya hana kashe kudan zuma. Yarinyar dai a sa ido, in ta fara numfashi da ƙyar ko fuska duk ta haye a wuce asibiti kar a tsaya shafa komai.

Baba_Mai_Amya:
Ɗana, akwai dabara amma sai mai haƙuri. Ni a yankin Tudun Wada nake, kusa da dajin Falgore, na fitar a garu na fitar a kogon kuka.

Ka fara zama da hantsi ka kalli ta ina da ina take fita, don ba lalle ƙofa ɗaya ba ce, ka liƙe sauran da taɓo har ta cikin ɗakin ka bar guda. Sai ka samo ragar waya irin ta taga ka naɗe ta kamar mazurari, tsawon inci 10 haka, bakin mai faɗi ya rufe ramin, tsinin ka bar kafa daidai kaurin biro ya ɗan kalli sama. Bayan magariba za ka kafa in ta lafa, ka ɗan busa mata hayaƙin busasshen kashin shanu, ka rufe fuska da wuya. Hikimar ita ce duk wadda ta fita kiwo ta tsinin take fita, in ta dawo kuma gindin ragar take bi inda ƙamshin gidansu yake, ba ta gane ƙofar. Za ka ga sun yi cincirindo a jikin bango.

To nan amya za ta yi aiki, ko akwatin zamani in kana da shi. Ka ɗaure ta dab da ragar, ka sa mata saƙa mai ƙwai da 'ya'ya daga wata amyar tare da 'yan kudan da ke kanta. Wannan saƙar ita ce sirrin, in babu ita watsewa za su yi, in da ita kuwa ba sa iya barin 'ya'ya, su shiga su zauna har su reni sabuwar sarauniya daga ƙwan, kwana 16 take fitowa. Ita kuda mai aiki kwana 21 take yi daga ƙwai, shi ya sa sai ka ba abin sati biyar zuwa shida kafin na cikin garu su ƙare. Kullum ka leƙa, garun ƙasa ne, suna iya samun wata kafar, kuma matacciya ɗaya in ta maƙale a tsinin ta toshe shi. Dabbobi a canza musu turke, sati na farko faɗa ne da su sosai.

Ummu_Khadija:
Baba ni dai ina da ja, sati shida tsohuwa tana kwana da fusatacciyar zuma a ka? A gidanmu a Ringim wani mai zuma aka kira ya ɓare wurin cikin dare ɗaya ya kwashe saƙar, washegari magini ya yaɓe, har kwano guda aka raba wa maƙwabta.

Baba_Mai_Amya:
'Yata gaskiyarki, in wurin yana ɓaruwa hakan ya fi sauri, kuma ta nan ne kawai ake samun tsohuwar sarauniyar. Ta hanyar raga ba kasafai take fitowa ba, ko ta ƙare a ciki ko wata rana ta tashi da ragowar su yi gaba, zumarmu ta nan ba ta da wuyar ƙaura. Amma shi gindin azara ya ce, in an sara wurin rufin ne zai amsa. Inna ta koma wani ɗakin kafin nan.

Ɗan_Gwaram:
Allah ya saka Baba. To zuman da ke ciki fa, asara kenan? Inna ma shi take tambaya tun ɗazu.

Baba_Mai_Amya:
Ba asara. In ka ga kwana uku babu mai fitowa sai ka cire ragar, na cikin amyar da kansu za su shiga su kwaso shi tas su kai sabon gida, sai dai Inna ta sha daga amya. Bayan nan ka cusa tsakuwa da taɓo ka toshe ramin da kyau, ƙamshin kakin yana daɗewa, in ka bar ko 'yar kafa baɗi wata za ta tare. Amyar kuma da daddare za ka ɗauke, ka kai gona mai nisa kamar kilomita biyar, in kusa ne garun za su dawo.