Sakamakon gwajin kankare ya zo iri ɗaya sak, in sa hannu?

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum manya. Ina duba wani gini mai hawa biyu, kankare mai ƙarfin 25 (wato mai jure dannin nyuton 25 a kan kowane murabba'in milimita) aka rubuta a zane. Ranar zubin dekin mun cika kiyub shida (ƙananan tubalan kankare da ake fasawa a inji don auna ƙarfinsa), ɗan kwangila ne ya kai su ɗakin gwaji da kansa. Yau ya kawo takardar sakamakon gwajin kwana 28 da zubin: ukun da aka fasa duk 27.0, ko ɗigon bambanci babu. Na kwana 7 kuwa 26 da 'yan kai. Yana ta matsa min in sa hannu a ɗora hawa na gaba. Lambobin dai sun haura 25, amma hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka sa tukuna. Kiyub uku ko daga kwaɓi ɗaya suka fito da wuya su fashe a lamba ɗaya sak, don tsakuwa ba ta zama daidai a cikinsu. Na kwana 7 ɗin ma ya fi damuna. Kankaren siminti na yau da kullum a kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa yake kaiwa, wato in na kwana 28 ya ba da 27, wajen 18 ya kamata ka gani, ba 26 ba.

Ka je ɗakin gwajin da ƙafarka, ka ce a nuna maka littafin da suke rubutawa a gaban inji. Kiyub mai milimita 150 nauyinsa wajen kilo 8 ne, kuma kafin ya ba da 27 sai injin ya danna shi da kusan kilonyuton 608. In babu nauyi, babu lodi, babu ranar fasawa, to a kan tebur aka haifi lambar nan. Ka tambayi yaushe rabon da a daidaita injin ma.

Injiniya_Mace:
Ko da lambobin gaskiya ne, labarin kiyub suka ba ka, ba na dekin ba. Shi kiyub yana jiƙe a ruwa kwana 28, dekin kuwa yana shan rana, Allah kaɗai ya san ban-ruwan da ya samu. Ga leburori da ƙara ruwa a kwaɓi da zarar ka juya baya. A zagaye dekin da gudumar Schmidt, na'urar da ake dannawa a jikin kankare don kimanta ƙarfinsa, sai dai ita saman kankare kawai take ji. In ta nuna rauni, a huda a ciro kankaren a fasa a gabanka.

Sabon_Injiniya:
Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan je in ga littafin, in sha Allah. Hajiya, in ta kai ga hudawa, wa zai biya kuɗin, mai gini ko ɗan kwangila?