Zango, Turke ko Madosa? Sunan ɗigon da matuƙin jirgi ke bi a GPS

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu yanke mata cibiya yau. Turawa na cewa waypoint. Wuri ne a kan ruwa da matuƙi ya adana lambobinsa a cikin na'urar GPS, mai gano inda mutum yake ta hanyar taurarin ɗan'adam, domin idan ya dawo, na'urar ta nuna masa inda zai sa hancin jirgi. Ba guda ake ajiyewa ba. Jerawa ake yi, in ka kai wannan ka nufi na gaba, har ka fita daga matsatsin.

Ku ɗauki kogin Kwara wajen Yawuri, inda ya buɗe ya shiga tafkin Kainji. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye filaye da itatuwa, kututture na nan a ƙasa. Idan ruwa ya ja baya, faɗin da ido ke gani yaudara ce: hanyar da jirgi mai lodi zai bi siririya ce, hagu tudun yashi, dama kututture. Nan ne ɗigon nan ke da rana.

Da yawa sun ce zango. Na san dalili, kalma ce mai daɗin baki, kuma fatake sun gadar mana da ita. Amma a zango sauka ake yi, a sauke kaya, a kwana. Wanda ya kashe inji a tsakiyar matsatsi, ruwa zai kwashe shi ya ɗora a kan yashi. Kalmar da za ta sa sabon matuƙi ya ji kamar an ce ya dakata, ba ta dace da wurin da tsayawa ke da haɗari ba. Matsaya ma ciwonsu ɗaya.

Alama ta yi faɗi. Tuta kuwa ana ganinta da ido.

Turke ya fi ba ni wahalar ƙi, don masunta kan kafa gora a ruwa su gane hanya, kuma ɗigon GPS ɗin kusan aikin da yake yi ke nan. Sai dai turke abu ne da ake ɗaure dabba a jikinsa, ana taɓa shi, in ka kusance shi ka san ka iso daidai. Na GPS ba haka yake ba. Taurarin ɗan'adam ɗin suna can sama da kilomita 20,000, na'ura na buƙatar aƙalla huɗu kafin ta faɗi inda take, kuma wayar hannu a fili ma takan yi kuskuren kimanin mita 5. Kafin watan Mayun 2000, lokacin da Amurka ta daina rage ingancin siginar da gangan, kuskuren kan kai mita 100. A hanyar da faɗinta bai wuce tsawon jirgi ba, mita 5 ba wasa ba ce. Kiran abin turke zai ba shi tabbacin da ba shi da shi.

Ni dai madosa na zaɓa. Daga dosa, kamar yadda muka sami mashiga da mafita. Inda aka dosa, ba inda aka sauka ba. Jam'inta madosai. Ku gwada ta a bakin kwata ku ji: "Saura mita 200 mu kai madosa ta uku, daga nan ka karya dama." Ba wanda zai nemi fassara.

Abin da ya ƙara min sonta shi ne ba ta yi alkawarin komai ba. Na'urar ba ta san zurfi ba, ba ta san yashi ya tashi daga inda yake bara ba. Layi miƙaƙƙe kawai take ja daga wannan madosa zuwa waccan, alhali kogi ba ya tafiya a miƙe. Shi ya sa a kan kwana ake matso da madosai kusa da juna. Kuma ko hancin jirgi na kallon madosa sak, igiyar ruwa na iya tura shi gefe a hankali, kibiyar allo tana ta gyara kanta, matuƙi na ganin lafiya lau, sai ya ji farfela ta kama tonon yashi. Yaron da ke gaba da gora yana auna ruwa bai rasa aikinsa ba tukuna.

Sauran 'yan uwanta ba su da gardama. Madosan da aka jera su ne hanya. Layin da na'ura ke zanawa a bayan jirgi, sawu. Tazarar da ruwa ya ture ka daga kan layi, bauɗiya.

Wadda ta rage min ita ce na'urar da ke auna zurfi da amsa-kuwwa. Ma'aunin zurfi ya yi tsawo a bakin mai ihu cikin ƙarar inji. Sarkawa da mutanen Baga da ke nan, me kuke ce mata a wajenku?