Wane suna za mu ba motsa jikin da ke riƙe wa tsofaffi ƙarfinsu?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira strength training, wato sa tsokar jiki ta yi aiki da nauyin da ya ɗan fi wanda ta saba, a maimaita, a huta, sannan a riƙa ƙara nauyin kaɗan-kaɗan yayin da jiki ke sabawa. Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne kawuna, wanda ya haura shekara saba'in. Na lura idan zai tashi daga kan tabarma sai ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya dafa gwiwa da ɗayan, ya ɗan dakata yana lilo kafin ya miƙe, kuma a bana ya fara yin sallah a kan kujera a ƙarshen sahu. Da na gaya masa likitoci suna ba masu shekarunsa shawarar su riƙa ɗaga ƙarfe, sai ya dube ni ya ce wannan ai harkar samari ce. Tun daga ranar na gane cewa sunan da na kira abin da shi ne ya rufe ƙofar, tun kafin a kai ga bayani.

"Ɗaga ƙarfe" ita ce kalmar da ta fi yawo a bakin jama'a, kuma ban ce ba daidai ba ce a muhallinta. Matsalarta ita ce tana kawo wa mai sauraro hoton matasa a bayan gida, sun zuba siminti a gwangwani biyu sun soka sandar ƙarfe a tsakani, suna gasar wa ya fi damtse. Dattijo mai mutunci ba zai ga kansa a wannan hoton ba, ballantana gwaggo ko kaka. Bayan haka, ƙarfe ba sharaɗi ba ne. Wanda ya zauna a kujera ya miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba, ko ya jingina tafukansa da bango yana tura jikinsa, ko ya ɗaga jarka mai ruwa, duk ya yi wannan aikin. Iyayenmu mata da suka shekara suna daka da taɓarya, suna jan guga daga rijiya, sun yi shi tun kafin a sa masa suna. Injin niƙa da famfo ne suka sauke musu wahalar, suka kuma tafi da wannan amfanin tare da ita.

Na ji masu cewa "gina jiki". Wannan ta riga ta sami gida a wurin abinci, domin idan aka ce abu mai gina jiki, hankali yana tafiya ga wake da ƙwai da madara. "Gina ƙwanji" kuma tana ɗauke da ƙanshin nuna isa, tun da gwada ƙwanji muke cewa idan ana fito-na-fito. "Horo" ita ce fassara ta kai tsaye, amma a kunnen Bahaushe horo yana kusa da ladabtarwa, kuma ba a ce wa babba zo a hore ka. "Atisaye" ta fi dacewa da sojoji da 'yan ƙwallo.

Shawarata ita ce mu ce "motsa jiki na ƙarfafa tsoka", a taƙaice kuma "ƙarfafa tsoka". Kowa ya san motsa jiki, kowa kuma ya san tsoka daga teburin mahauci, wato jan naman da ba kitse ba ne, ba jijiya ba ce. Sunan yana faɗin manufar aikin, bai ɗaure mutum da wani kayan aiki ba, kuma yana raba shi da tattaki ko gudu, waɗanda amfaninsu ya fi karkata ga zuciya da numfashi. Wannan rabewar tana da muhimmanci, domin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun ware su daban: ban da tafiya da makamantanta, an so kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana 2 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da aikin daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako domin kauce wa faɗuwa. Idan duka muka kira su motsa jiki kawai, dattijon da ke takawa zuwa masallaci sau biyar zai ɗauka ya gama, alhali cinyoyinsa suna ci gaba da raguwa.

Wannan raguwar ma tana buƙatar suna. Likitan Amurka Irwin Rosenberg ne ya ƙirƙira mata kalmar sakofiniya a 1989, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin nama da ƙaranci. Ni ina ganin "zaizayar tsoka" ta fi kowace dacewa. "Rama" ba ta kama ma'anar ba, domin mutum yana iya kasancewa da ƙiba da tumbi amma tsokarsa ta tafi, "shanyewa" kuma mun riga mun ba cutar ɓarin jiki. Zaizaya kuwa duk manomi ya san ta: ruwa yana ɗiban ƙasa kaɗan-kaɗan kowace damina, ba a ankara sai kwari ya ci rabin gona. Haka tsoka take yi, tana fara raguwa tun bayan shekara 30, ta ƙara sauri bayan 60. Abin da na fi so a kalmar shi ne manomi ya san ana tare zaizaya da dutse da shuka, ba a tsayawa kallonta.

Kuma hujjar cewa ana iya tare ta tana nan. A 1990 Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston, inda mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96 suka yi mako 8 suna ɗaga nauyi da ƙafafunsu a ƙarƙashin kulawa. Mutum 9 da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari idan aka ɗauki matsakaicin lissafi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon gwiwa dai ya fara ganin likita, ya kuma fara da kaɗan.

Na gwada kalmar a kan kawu makon jiya. Na ce, "Kawu, ƙarfafa tsokar cinya za mu yi, domin sujada ta yi sauƙi." Bai musa ba, ya jawo kujerar roba ya jingina ta da bango, ya zauna ya tashi sau shida kafin ya nemi hutu. Ina roƙon malamanmu na Hausa da ma'aikatan asibiti, musamman na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, su faɗa mana yadda "ƙarfafa tsoka" da "zaizayar tsoka" suke sauka a kunnen dattawan yankinsu.