Ɗana yana iya karatu amma ba ya son littafi: ta ina zan ɓullo masa?

Uwar yara uku, Boukoki, Yamai:

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana. Ina da yaro ɗan shekara 8 da ke aji CE1, wato aji na uku na firamare, kuma malaminsa ya shaida mini cewa yana haɗa baƙaƙe ya karanta Faransanci ba tare da yawan tuntuɓe ba. Sai dai idan na miƙa masa littafi a gida yakan rattabo shafin da sauri kamar mai biya hadda, in na tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa sai ya yi shiru, idonsa yana kan salular mahaifinsa. Ƙanwarsa mai shekara 4 tana kwaikwayon duk abin da yake yi, shi ya sa nake neman shawara tun abin bai yi nisa ba.

Tsohon malamin firamare, Tahoua:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na daɗe ina riƙe da ƙananan azuzuwa kafin in yi ritaya, kuma abin da kika kwatanta ba lalaci ba ne. Yaronki yana furta sauti ne a harshen da bai gama ji ba, kuma babu wanda zai ƙaunaci labarin da bai san me ake cewa a cikinsa ba, ko da babba ne. Ki dubi wahalar da aka ɗora masa: sautin da Bahaushe yake rubutawa da harafi ɗaya, wato o, Faransanci yana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga kuma haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Rubutun Hausa kuwa kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa, don haka yaron da ya riga ya san a, b, c abin da ya rage masa kaɗan ne: haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai c da ake furtawa kamar a kalmar ciki, da u da ba ta yi kama da ta Faransanci ba.

Shawarata ita ce ki fara da gatana. Bayan sallar isha'i ki ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, washegari ki ce shi ya maimaita miki da bakinsa, ke kuma ki rubuta a kaye da manyan baƙaƙe, jimla biyar ko shida kawai, sannan ki ba shi ya karanta wa ƙanwarsa. Ranar da ya ga ta yi dariya saboda abin da ya fito daga takarda, ranar zai gane amfanin takardar. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasarmu, domin tun 1973 aka soma gwajin koyar da yara da harshen gida a Damagaram.

Mahaifi, Yantala, Yamai:

Baba malam, Allah ya ƙara girma, na yarda da maganarka, amma ina da ɗan tsoro guda. Ko da yake kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, kuma da shi yaron zai rubuta jarrabawa, saboda haka ni nakan haɗa biyun ne. Ina sayen tsofaffin littattafai masu hotuna wurin masu shimfiɗa su a ƙasa kusa da babbar kasuwa, mu karanta shafi ɗaya da Faransanci, sannan in ce ɗiyata ta faɗa mini da Hausa. Hajiya, ki kuma nemi littattafan kamfanin Gashingo da ke nan Yamai, suna buga na yara da harsunan gida, sannan akwai ɗakin karatu a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Game da salula kuwa, laifin namu ne mu maza, domin yaro ba zai ɗauki littafi ba alhali yana ganin ubansa ya sunkuya kan waya tun magariba.

Tsohon malamin firamare, Tahoua:

Ɗana, ba mu saɓa ba, domin yaron da ya saba neman ma'ana a Hausa zai neme ta a Faransanci ma. Abin da kawai zan roƙa shi ne kada a mayar da zaman gida wata makaranta: ban da bulala, ban da gyara kowace kalma, kuma a tashi tun yana son a ci gaba.

Uwar yara uku, Boukoki, Yamai:

Na gode, Baba, na gode, ɗan'uwa. Daren jiya na rubuta labarin kura da ya ba ni, ya karanta har sau biyu, ya kuma gyara mini wuri guda da ya ce ba haka kurar ta faɗa ba. Harafin ƙ ne har yanzu yake karantawa kamar k, shi za mu yi yau.