Daga ina sunan Imfireshanizim ya samo asali?

Hauwa: Assalamu alaikum. Don Allah, me ya sa ake kiran salon zanen Claude Monet da abokansa Imfireshanizim?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Sunan da ba'a ya fara. A baje kolin da suka shirya a birnin Paris a 1874, mai sharhi Louis Leroy ya ɗauko kalmar daga "Impression", sunan zanen Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa, yana nufin aikin bai kammala ba.

Aminu: Haka ne, Malam. Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda fentin cikin bututu, wanda aka ƙirƙiro a 1841, ya ba su damar fita fili su zana haske kafin ya sauya.