Tashi daga gida: yaya kuka kwashe da masu mota da 'yan dako?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Kano, ƙarshen watan nan za mu tashi in sha Allahu. Kayan ɗaki biyu ne da falo da kicin. Waɗanda suka taɓa ɗaukar hayar mota da 'yan dako, don Allah ku ba mu haske. Me ake yankewa tun wajen ciniki? Abinci fa, dole ne sai an ba su?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, Allah ya sa alheri ne ya kira. Kada Alhaji ya yi ciniki ta waya, direba ya zo ya ga kayan da idonsa. Sannan kuɗin nan uku ne: na mota, na lodi, na saukewa. Da muka tashi daga Sabon Garin Zariya zuwa Samaru, direba ya ce magana ta ƙare. Muna isa yaran suka jingina da mota suka harɗe hannu, wai su lodi aka yi da su. Ga magariba ta kawo jiki, ga hadari ya taso, ga katifu a buɗe. Ko ciniki ban iya yi ba, abin da suka yanka shi na biya.

Direban Kanta: Baban Ummi, Allah ya huci zuciyarka, amma bari mu ma a ji ta bakinmu. Yaran lodi yawanci ba yaranmu ba ne, a bakin tasha muke ɗibarsu, kuɗinsu daban. Kuma masu kaya ma suna da nasu halin. Mutum zai ce maka "ɗan kaya ne kaɗan", ka zo ka tarar da turmi, buhunan masara, tankin ruwa, har da kejin kaji. In ka ce a ƙara, a ce ka cika son kuɗi.

Hajiya, ga abin da zai rage muku tsada. Kaduna zuwa Kano ya haura kilomita 200, kuma direban da zai dawo ba kaya sai ya saka man dawowa a lissafi. Alhaji ya je wajen 'yan kamasho ya ce motar da ta kawo kaya daga Kano yake nema, wadda za ta koma wayam. Ita ce mai sauƙi. Ku kuma auna kayanku da kyau kafin ku zaɓi mota. Ƙananan a-kori-kura masu shan fetur sun yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sawu biyu a cikinsu zai iya fin sawu ɗaya a babbar mota Kanta.

Hajiya Babba: 'Yata, ni ta ɓangaren cikin gida zan yi miki magana, don maza ba sa tunawa da shi. Kada ki bari ƙarti su shiga miki uwar ɗaki suna buɗe durowa. Ana gobe tashi ki tara 'yan'uwanki mata ku ɗaure komai, ku fito da shi falo ko tsakar gida. Akwatunan sutura a sa musu kwaɗo. Tangaran da kofunan gilashi ki naɗe su ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin zannuwa, ki jera su cikin manyan tukwane ko kula, ki cusa tsumma a tsakani har sai kin girgiza ba ki ji ƙara ba. Gwal, takardun makaranta da na asibitin yara, waɗannan a jakarki ta hannu.

Gado da sif kuma aikin kafinta ne, ba na ɗan dako ba. Ya zo ya kwance, ya zuba notukan kowane gado a ledarsa, a ɗaure ledar a jikin fuskar gadon. Na ga amaryar da ta yi mako tana kwana a ƙasa saboda notuka shida da suka ɓace a hanya.

Ɗan Gwarimpa: Mu a Abuja kamfani muka ɗauka. Sun zo sun duba, sun rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, sun kawo kwalayensu. Akwai tsada, kuma hawa bene kuɗinsa daban. Abin da ya kamata a tambaye su a rubuce shi ne, in talabijin ta fashe wa zai biya. Wanda ke rukunin gidaje mai geti kuma ya karɓi takardar izinin fitar da kaya tun da wuri, in ba haka ba masu gadi ba za su buɗe ba.

Tsohon Ɗan Dako: Na yi dako a kasuwa kafin Allah ya buɗa mini, don haka maganar abinci bari in amsa. Ba dole ba ne, Hajiya, amma ruwa kam a ajiye jaka guda tun kafin su iso. Wanda ya ɗora firji a gadon baya ya sauko da shi daga bene, in kika miƙo masa shinkafa da wake da mai da yaji, wallahi kujerunki ma sai sun ga bambanci. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne mai gida ya tsaya a kanmu yana "kai, kai, a hankali!", alhali wani cikinmu ya haife shi. Sai kuma a gama aiki a ce a dawo gobe a karɓi kuɗi. Ai hadisi ne, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Azahar ta yi, a nuna musu buta da inda za su yi salla.

Baban Ummi: Ruwa da abinci na yarda. Amma na goro bayan an biya cikakken kuɗi, ni sai na ga aiki. Wanda ya karya mini ƙafar tebur ba zai kuma miƙo hannu ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam direba, firji da janareta fa? Kuma da safe ya fi ko da yamma?

Direban Kanta: Firji a kashe shi tun daren ana gobe lodi ƙanƙara ta narke, a ɗora shi a tsaye a ɗaure, in an isa a bar shi wasu awanni kafin a kunna. Janareta a tsiyaye mansa. Rasit ɗinsu da na talabijin su kasance a aljihun wanda zai bi mota, saboda tambaya a shingen hanya. Lallai namiji ɗaya daga gidan ya zauna gaba tare da direba. A yi lodi da la'asar, motar ta kwana a ƙofar gida, a kama hanya bayan sallar asuba, ku isa Kano da sauran rana a sauke. Tamfol kuma Alhaji ya sa a warware masa shi a ƙasa ya duba huji, kada ya yarda da "akwai shi a mota".