Tsofaffin hotunan Littafi Mai Tsarki: na asali ne, kuma yaya zan adana su?

Ladi: Barkanku da yamma. Ina da takardu 9 masu hotunan baƙi da fari, akwai jirgin Nuhu, akwai Dauda da Goliyat. A ƙasa ta hagu an rubuta G. Doré, ta dama H. Pisan. Jajayen ɗigo sun feso musu, ɗaya ta yage. An ce in kai a yi musu laminatin. Me kuka gani?

Baba Bitrus: 'Yata, kada ki yarda da laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga cikin takarda, ba sa fita kuma. Hotunan Gustave Doré ne, mai zanen Faransa, an fara buga su a garin Tours a 1866. Shi yake zanawa, masassaƙa irin su Pisan su yanke zanen a kan katako, shi ya sa sunaye biyu. Sai dai an yi ta sake buga su har yau, don haka suna kaɗai ba shaida ba ne. Ki duba sararin samaniya ko inuwar tufafi da gilashin ƙara girma. Bugun katako layuka ne siri-siri, baƙi wuluk, kowanne da bakinsa tsaf. In kin ga ƙananan ɗigo a jere kamar raga, hoton hoto ne da aka buga daga baya.

Hannatu: Ƙari kan na Baba. Kada ki damu in ba ki ji wani lotsawa a gefen hoton ba. Bugun da aka yi da farantin jan ƙarfe ne ke barin wannan shatar, bugun katako ba ya bari.

Malam Istifanus: Jajayen ɗigon nan laima ce ta kawo su, wani lokaci funfuna, wani lokaci burbushin ƙarfe da ke cikin takardar ne ya yi tsatsa. Ba za su goge a gida ba. Bilic zai kashe launin, amma zai cinye takardar ta koma kamar ganye busasshe. Ƙura kawai za ki share, da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa waje, hannu a wanke a bushe.

Wadda ta yage kuwa, ban da salatif, domin cikin 'yan shekaru zai bar tabon rawaya. Masu gyara suna liƙa siririyar takardar Japan ta baya da kunun sitacin alkama. In babu gwani kusa, ki bar yagar yadda take.

Ladi: Na gode. To firem fa?

Malam Istifanus: Kwali marar asid a tsakani, kada gilashi ya taɓa takardar, in ba haka ba damina za ta manne su. Ki rataye a bangon ciki, inda rana ba ta dukansa. Sauran ki shimfiɗa su kwance cikin akwati, farar takarda tsakanin kowace biyu, ki ɗora akwatin bisa kanta, nesa da ƙasa saboda gara. Laimar ɗaki kashi 40 zuwa 50 ta fi. Da hunturu takarda tana ƙandarewa, sai ki ɗauke ta da hannu biyu.